Fas ko tikiti ɗai-ɗai? Lissafin jirgin ƙasa ga mai son ganin tsaunukan Alps da ƙaramin guzuri

"Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara tara muna shirin zuwa Jamus a watan Agusta, wajen ƙanena da ke karatu a Munich. Kwana goma muke da su. Muna so mu ga tsaunukan Alps, mu bi ta Ostiriya da Suwizalan, mu taso gida daga Milan. Wani abokina ya ce in sayi fas na Eurail in huta, ƙanena kuma ya ce asarar kuɗi ce, a riƙa sayen tikiti ɗai-ɗai. Kuɗinmu a ƙididdige yake, kuma har yanzu biza ba ta fito ba. Wanne ya fi mana?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa biza ta fito cikin sauƙi, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Abokinka da ƙanenka duk suna da gaskiya, amma kowannensu rabinta ya riƙe. Abokinka yana tunanin kwanciyar hankali: ka biya sau ɗaya, ka shiga jirgin da ka ga dama. Ƙanenka kuma yana lissafi irin na ɗalibin da ya san ranar tafiyarsa tun wata biyu baya, ya kama tikitin araha kafin ya ƙare. Kai kuwa ba ka cikin ko ɗaya daga cikin halin nan biyu. Kana da mata da yarinya, kwanakinka kaɗan ne, aljihunka a aune yake, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne maganar ƙarshe, cewa biza ba ta fito ba. Wannan ita ce ta sauya tambayar. Abin da kake nema a gaskiya shi ne tsarin da ba zai cinye maka kuɗi tun kafin ka san za ka tafi ba, kuma ba zai yi tsada ba idan fasfonku ya dawo saura kwana goma jirgi ya tashi.

Na fi shekara goma ina zaune a kudancin Jamus, kuma kusan kowace bazara ta nan sai na tsara wa 'yan'uwa da baƙi irin wannan tafiya, wani lokaci in raka su. Abin da zan faɗa maka daga wannan aikin ya fito.

Farashin jirgin ƙasa a nan iri uku ne

Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san tikiti a matsayin kujera guda a jirgi guda a lokaci guda. A yankin Alps abin ya rabu uku, kuma duk ruɗanin da mutane ke shiga daga rashin bambance su yake tasowa.

Akwai farashin da ba ya motsi. Tikitin yau da kullum na Suwizalan haka yake: ko ka saya wata uku kafin tafiya, ko ka saya minti biyar kafin jirgi ya tashi, kuɗin ɗaya ne, kuma za ka shiga kowane jirgi da ke bin wannan hanya a ranar. Ba a kama kujera, ba a cewa tikiti ya ƙare. Ƙananan jiragen yanki na Jamus da Italiya ma haka suke. Akwai kuma farashin da ke hawa kamar na jirgin sama, wanda manyan jirage masu gudu da masu tsallaka iyaka ke amfani da shi. Kamfanin DB na Jamus yana kiran nasa Sparpreis, ÖBB na Ostiriya yana cewa Sparschiene, SBB na Suwizalan kuma yana da Supersaver. Waɗannan suna da araha ƙwarai idan ka saya da wuri, amma sun ɗaure ka da jirgi guda, kuma mafi arahar cikinsu ba a mayar da kuɗinsa. Na uku shi ne fas, wato ka sayi kwanaki a sari maimakon tafiye-tafiye ɗai-ɗai.

Eurail tun 1959 yake, an ƙirƙire shi ne domin baƙi masu zuwa daga wajen Turai, kuma babban fas ɗinsa ya haɗa ƙasashe 33. Ɗan'uwansa Interrail, wanda aka fara a 1972, na mazauna Turai ne. Ba ƙasar haihuwa kaɗai ake dubawa ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Ku Eurail ya shafa, ƙanenka kuwa Interrail, kuma shi nasa yana da ƙa'idar cewa a cikin ƙasar da yake zaune fita ɗaya da shiga ɗaya kawai zai yi da shi. Ka ga ke nan idan zai raka ku, lissafinsa daban ne da naku.

A 2024 fas na kwana huɗu na tafiya cikin wata guda, a aji na biyu, yana kusan Yuro 280 ga babba. Na kwana biyar ya ɗan haura 300, na kwana bakwai kusan 380. Raba ka gani: kowace rana ta kama tsakanin Yuro 54 da 70. Wannan adadi shi ne ma'auninka. Duk ranar da tafiyarku ba ta kai wannan kuɗi ba da tikiti ɗai-ɗai, ranar fas ya ci ka. Kuma abin da masu talla ba sa yawan faɗa shi ne, tafiya a cikin Alps gajeru ce. An yi Eurail ne domin mai tsallen nesa, yau Amsterdam gobe Roma. Mai yawon duwatsu kuwa sa'a biyu ko uku yake yi ya sauka, sannan ya shiga abubuwan da Eurail bai ɗauke su gaba ɗaya ba: jirgin ruwa a tafki, motar gidan waya mai launin rawaya da ke shiga ƙauyukan kan dutse, jirgin hawa tsauni, da taragon da ke tafiya a rataye jikin igiya.

Kwanakinku na Jamus da Ostiriya

Bari in ɗauka za ku yi kwana uku a Munich wajen ƙanenka. A waɗannan kwanaki kada ka ko kalli fas. Akwai tikitin yini na jihar Bavaria, Bayern-Ticket, wanda ke aiki a duk ƙananan jiragen yanki, da jiragen cikin gari da bas-bas na Munich. Mutum biyar suna iya haɗuwa a tikiti ɗaya. A 2024 mutum na farko yana biyan Yuro 29, kowane ƙari kuma 10, wato kai da maiɗakinka 39, kuma yarinya mai shekara tara za ta bi ku kyauta. An ɗan ƙara kuɗin daga baya, amma har yanzu bai kai kuɗin rana guda ta Eurail ga mutum ɗaya ba. Da shi za ku je Garmisch-Partenkirchen a gindin Zugspitze, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Jamus, mita 2,962. Da shi za ku je Füssen ko Berchtesgaden. Har ma Salzburg da Kufstein yake kaiwa, ko da yake cikin Ostiriya suke.

Sharuɗɗansa biyu ne ke kama baƙo. A ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe tara na safe, Asabar da Lahadi kuwa tun tsakar dare. Kuma ba ya aiki a manyan jirage irin su ICE da Railjet, ko da a dandamali ɗaya suka tsaya da naku, ko da inda za ku za su. A rubuta sunayen matafiya a jikin tikitin kafin a shiga. Wani zai ba ka shawarar Deutschlandticket, tikitin wata na duk Jamus da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025. Mai yiwuwa ƙanenka yana da irinsa, kuma shi ya yi masa daidai. Ku dai ku bar shi, domin rajista ce da ke sabunta kanta kowane wata sai an soke ta a kan lokaci, kuma kwana uku ba su kai a ɗauki wannan ɗawainiya ba.

Daga Munich zuwa Innsbruck hanya biyu ce. Babban jirgi ta Kufstein bai kai sa'a biyu ba, kuma farashinsa mai hawa ne. Ni kuwa kullum ta Garmisch da Mittenwald nake bi da baƙi. Bayern-Ticket zai kai ku Mittenwald, sai ku ƙara ɗan tikiti daga can zuwa Innsbruck, wanda za ku saya tun kafin ku taso. Tafiyar ta kai sa'a uku, amma layin dogon, wanda aka buɗe a 1912, yana bin jikin duwatsun Karwendel, ya wuce Seefeld, sannan ya gangaro ta ƙirjin wani dutse mai miƙe kamar bango, kwarin kogin Inn yana shimfiɗe can ƙasa. Ku zauna ta hannun dama. Wannan hanya ta fi araha, ta fi kyau, kuma farashinta ba ya jiran bizarka.

Tafiya ɗaya tak ce a duk tsarinku da farashinta ke hawa ba tare da wata mafita mai sauƙi ba, wato Innsbruck zuwa Zurich. Railjet ne ke binta ta mashigar Arlberg, ya ratsa ƙaramar ƙasar Liechtenstein, sa'a uku da rabi ko kusa da haka. Ranar da fasfonku ya dawo da biza, wannan tikitin za ka fara nema a manhajar ÖBB. Idan na safe ya yi tsada, duba na tsakar rana ko na yamma, sau da yawa suna da sauran araha. A watan Agusta ka biya 'yan kuɗin kama kujera ko da ba dole ba ne, don kada iyali su tsaya a ƙafa.

Suwizalan, inda kuɗin yake tafiya

Nan ne kashi mafi girma na kuɗin sufurinku zai tafi, don haka nan ya kamata a zauna a yi lissafi da alƙalami. Kuɗinsu faran ne, ba Yuro ba, kuma a 'yan shekarun nan faran ya ɗan ɗara Yuro daraja.

Kafin komai, ga wani tarko da ya kama mutane da yawa da na sani. Shafin SBB da manhajarsu sukan nuna farashin masu katin rabin kuɗi, saboda 'yan ƙasar da yawa suna da shi. Baƙo ya ga faran 13 ya ji daɗi, alhali nasa 26 ne. Idan kana tattara farashi, ka tabbata ka zaɓi cewa ba ka da katin rangwame. Wanda kuma ya sayi tikitin rabin kuɗi ba shi da katin, mai duba tikiti zai ci shi tara, kuma tararsu ba ta wasa ba ce. Haka nan ba a sayen tikiti a cikin jirgi, sai ka mallake shi kafin jirgi ya motsa.

Zaɓin farko shi ne Swiss Travel Pass. Yana zuwa na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 a jere, akwai kuma wanda ake zaɓar kwanakinsa cikin wata. A 2024, aji na biyu, na kwana huɗu faran 295 ne, na takwas 419, na goma sha biyar 459. Dubi yadda yake saukowa: na kwana huɗu ya kama kusan 74 a rana, na takwas 52, na goma sha biyar 31. An tsara shi ne ya saka wa mai daɗewa. Amma ya fi Eurail faɗi nesa ba kusa ba a cikin ƙasar, domin ya haɗa jiragen ruwa, motocin gidan waya, sufurin cikin garuruwa sama da 90, gidajen tarihi sama da 500, da hawan Rigi da Stanserhorn da Stoos kyauta. Sauran manyan duwatsu yawanci rabin kuɗi ne.

Na biyu shi ne Swiss Half Fare Card, katin rabin kuɗi na wata guda. Lokacin da na saya wa baƙina a 2024 faran 120 ne. Ba ya ba ka tafiya kyauta ko ɗaya, amma kusan komai ya koma rabi, har da jiragen hawa tsauni. Lissafinsa mai sauƙi ne: da zarar jimlar tikitinka a cikakken farashi ta wuce ninkin kuɗin katin, wato 240 a wancan farashi, ya fanshi kansa. Idan kuma kana so ka gwada shi da fas, sai ka raba jimlar gida biyu ka ɗora kuɗin katin a kai. Fas na kwana huɗu ba ya cin nasara sai jimlar ta haura 350, na kwana takwas kuwa sai ta kusanci 600.

Na uku shi ne Saver Day Pass, tikitin yini na duk ƙasar da ake saye tun da wuri. A 2024 yana farawa daga faran 52 ga marar katin rabi, 29 ga mai shi, yana hawa yayin da ranar ke matsowa. Ga mai tabbacin ranarsa babu abin da ya kai shi araha a doguwar tafiya. Sai dai a ɗaure yake da rana guda, kuma mafi arahar yakan ƙare da wuri, abin da bai dace da mai jiran biza ba.

Yanzu bari mu ɗora tafiyarku a kan ma'auni. Ga abin da nake ba mai kwana biyar shawara: ku iso Zurich ku wuce Lucerne ku kwana. Washegari jirgin ruwa zuwa Vitznau, ku hau Rigi da jirgin da ke hawansa tun 1871, wanda shi ne jirgin hawa dutse na farko a Turai. Rana ta uku ku bi ta mashigar Brünig zuwa Interlaken, ku leƙa kwarin Lauterbrunnen da ƙauyen Wengen ko Mürren. Ta huɗu ku yi doguwar tafiya zuwa Chur. Ta biyar ku haye mashigar Bernina zuwa Italiya. A ƙiyasina, da farashin 2024, duk wannan a cikakken kuɗi yana kusan faran 400 ga babba ɗaya. Da katin rabi ya zama 120 da 200, wato 320. Da fas na kwana huɗu da aka fara ranar Rigi, a ƙara ɗan tikitin Zurich zuwa Lucerne, shi ma 320 da 'yan kai. Kunnen doki ke nan.

Na nuna maka wannan ne don ka daina jin tsoron cewa akwai wani babban kuskure da ke jiranka tsakanin waɗannan biyu. Abin da zai raba gardama ɗan ƙarami ne. Idan kuna da niyyar hawa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454, wadda cikakken tikitinta daga Interlaken zuwa da dawowa ya haura faran 200, katin rabi ya yi nasara, domin shi rabi yake cirewa, fas kuwa kashi 25 cikin ɗari kawai daga Wengen ko Grindelwald zuwa sama. Idan kuwa ba za ku hau ba, kuma ba ka son tsayawa gaban na'urar tikiti sau huɗu a rana da yarinya a hannu, ɗauki fas. Wannan sauƙi ma yana da daraja, musamman ga wanda katin bankinsa na gida zai iya ƙin aiki a tsakiyar tafiya. Na ga wannan ya faru fiye da sau ɗaya, mutum yana tsaye a tasha jirgi saura minti huɗu, kati ya ƙi wucewa.

Ko wanne ka ɗauka, ka nemi Swiss Family Card a lokacin saye. Kyauta ne, kuma da shi yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 yana tafiya kyauta muddin yana tare da mahaifi ko mahaifiya mai tikiti. Ba a ba da shi sai an nema, kuma iyaye da yawa ba su san da shi ba.

Gajimare ba ya duba tikiti

Akwai abin da lissafin takarda ba ya nunawa, kuma shi ne ya sa na daina ɗaure kowace rana da tikitin araha. Wata shekara na tsara wa wani kawuna da matarsa tafiya, na sayi tikitin hawa wani babban dutse tun makonni kafin su iso, don in rage musu kuɗi. Ranar ta zo da hazo. Muka hau duk da haka, tunda an riga an biya. A can sama ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka, fari fat ko'ina, sanyi yana ratsa riga. Kawu ya tsaya jikin ƙarfen shinge ya daɗe yana kallon wurin da aka ce masa dutsen yake, bai ce komai ba, muka sauko. Washegari gari ya waye tas, mu kuwa muna cikin jirgi zuwa wani gari da tikitin da ba ya canzuwa. Har yau abin yana damuna, domin mutumin nan bai sake samun damar zuwa ba.

Tun daga nan ƙa'idata ita ce, tikitin hawa dutse ranar hawa ake sayensa. Kusan kowane babban dutse yana da kyamara a samansa da ke nuna halin da ake ciki kai tsaye a intanet, wasu masaukai ma suna nuna ta a talabijin ɗin ɗaki. Bayan sallar asuba ka duba. Idan sama a buɗe take, ku tashi da wuri, domin a watan Agusta gajimare yakan taru bayan azahar, wani lokaci da tsawa. Idan a rufe take, ku juya tsarin, ku yi tafki ko gari yau, dutse gobe. Katin rabi da fas duk suna barinka ka yi wannan juyi ba tare da asara ba. Tikitin da aka ɗaure da rana ba ya bari.

Hayewa Bernina ba tare da kuɗin ƙawa ba

Za ka ga tallan Glacier Express da Bernina Express, jiragen masu yawon buɗe ido, ko'ina. Na farkon yana tafiya daga Zermatt zuwa St. Moritz, kusan sa'a takwas. Dukansu suna buƙatar kuɗin kama kujera na dole, wanda babu fas ɗin da ke ɗauke maka shi, ko Eurail ko na Suwizalan. Abin da ya kamata ka sani shi ne, layin dogon ba nasu ba ne su kaɗai. A ɓangaren Bernina, jiragen yau da kullum na kamfanin RhB suna bin hanya ɗaya kusan kowace sa'a, ba kuɗin kujera, sai dai ka sauya jirgi sau ɗaya ko biyu.

Daga Chur za ku bi layin Albula, ku haye gadar Landwasser mai tsayin mita 65 wadda ke lanƙwasawa ta shige cikin dutse kai tsaye. Daga yankin St. Moritz sai layin Bernina, wanda ke hawa har Ospizio Bernina, mita 2,253, a bakin wani tafki mai ruwa fari-fari kamar an zuba masa madara. UNESCO ta sa waɗannan layuka biyu cikin kayan tarihin duniya a 2008. Amfanin ƙaramin jirgi shi ne kana iya sauka. Ni a Alp Grüm nake saukar da baƙi. Tasha ce da babu titin mota da ya kai ta, ƙanƙarar dutsen Palü tana fuskantarka, kwarin Poschiavo yana can ƙasa kore shar. Jirgi ya tafi, wurin ya yi tsit sai ƙarar ruwa da ke gangarowa. Ku zauna ku ci guzurinku, bayan sa'a guda wani jirgin ya zo ku ci gaba da tikitin nan dai. Daga nan sai gangara, a Brusio jirgin ya zagaya kansa a kan wata gada mai da'ira, 'yarku za ta ga kan jirgin da wutsiyarsa a lokaci guda. A Tirano kuma a tsakiyar titi yake shiga gari, kusa da motoci.

Katin rabi da fas na Suwizalan duk suna aiki har Tirano, ko da yake cikin Italiya take. Ku fito ku tsallaka fili zuwa tashar Italiya, ku sayi tikitin ƙaramin jirgi zuwa Milan, kusan sa'a biyu da rabi, kuɗinsa bai kai Yuro 15 ba a lokacin da na bi, kuma farashinsa ba ya hawa. Yana bin gaɓar tafkin Como. Idan tikitin takarda ne marar lokaci a jiki, a buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a shiga.

Inda Eurail yake da gaskiya

Ba na so ka ɗauka na raina shawarar abokinka. Idan aka lissafa kwana biyar na Eurail a kan wannan tafiya, aka ƙara abin da bai ɗauka ba na Rigi da jirgin ruwa da sufurin cikin gari, jimlar ba ta yi nisa da tawa ba, musamman da yake yara 'yan shekara 4 zuwa 11 suna samun fas kyauta tare da babba. Abin da ya sa ban zaɓe shi ba shi ne, biyu daga cikin kwanakin nan biyar tafiya ce mai araha da ba ta kai kuɗin ranar fas ba, kuma rangwamensa a kan duwatsu bai kai na katin rabi ba. Amma da za ku ƙara Paris ko Berlin ko Roma, ko da ku matasa ne 'yan ƙasa da shekara 28 masu samun ragi, ko ka dace da lokacin da suke karya farashi, da na sauya magana. Wanda ya saye shi ya tuna cewa jiragen TGV na Faransa da Frecciarossa na Italiya da jiragen dare duk sai an ƙara kuɗin kujera, kuma kowane jirgi sai an shigar da shi a manhajarsu kafin a hau.

Farashin da na kawo na 2024 ne, kuma kamfanonin nan sukan sauya jadawali da kuɗi a watan Disamba, don haka ka ɗauki hanyar lissafin, ka zuba sababbin alƙaluma a ciki. Idan kuɗin katin rabi ya hau, ma'auni zai ɗan karkata wajen fas. A lokacin bazara kuma akan rufe wasu layuka don gyara a sa bas a madadinsu, sai ka duba ranakunku a manhaja. Ka tambayi kowane masauki ko suna ba da katin baƙi, domin a Lucerne da Interlaken da garuruwa da dama wanda ya kwana yana samun bas na cikin gari kyauta. Layin wayar da ƙanenka zai saya maka a Jamus zai yi aiki a Ostiriya da Italiya ba ƙarin kuɗi, amma Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kamfanoni da yawa suna cajin ta daban, don haka ka sauke tikitinku a waya ko ka buga a takarda kafin ku tsallaka.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan fafewar ba saye ba ce. Yanzu ka ɗauki takarda ka rubuta kwana goman nan, kowace rana da inda za ku kwana da cikakken kuɗin tafiyarta, kada ka biya ko sisi. Ranar da biza ta fito ka sayi Innsbruck zuwa Zurich. Katin Suwizalan, na rabi ne ko fas, ka bar shi sai saura 'yan kwanaki, lokacin da kai da maiɗakinka kuka yanke shawara a kan Jungfraujoch, tunda farashinsa ba ya hawa saboda jinkiri. Bayern-Ticket kuwa ƙanenka zai ciro muku shi a na'urar tasha da safen da za ku Garmisch.